Likkafanin Inna Yana Ɗakina a Gubaira

Zuwa ga Manajan kamfanin inshorar matafiya da ke Batha, Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, sunana Lawal, ɗan Nijeriya, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a nan Riyad. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ana sallamata da "bukra, insha Allah", wato sai gobe. Na gaji, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na ɗaya. A watan Rajab na 1406 mahaifiyata, Hajiya Kande, ta zo umara, ta sauka wurina a unguwar Gubaira. Tun tana yarinya ta taɓa tsallaka Bahar Maliya da iyayenta a jirgin ruwa, kuma ba ta da labarin da ya wuce wannan. Na ce bari in faranta mata, na saya mana tikitin jirgin yawon shaƙatawa daga Jidda zuwa Bur Sudan, zuwa Suwais ta ƙasar Masar, ya dawo. Ma'aikacinka ya miƙo mini takardar ta'amin, wato inshora, riyal ɗari uku, ya ce, "Ya akhi, ko me ya faru, ɗawainiyarmu ce." Abokaina sun ce in rabu da ita in yi tawakkali, na yi musu dariya irin tamu ta 'yan boko. Ƙananan rubutun da ke bayanta ban karanta ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Na biyu. Ba zan ci haƙƙinku ba. Da ƙirjinta ya riƙe a kwana na biyu, likitan jirgi ya kula da ita, ba a nemi ko halala ɗaya, kwabon Saudiyya, a hannuna ba. Da hantsin rana ta uku Allah ya karɓi abarsa, saura sa'o'i kaɗan mu isa Bur Sudan. Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare.

Na uku, nan ne zuciyata take tafasa. A Bur Sudan akwai Hausawa mazauna. Da labari ya kai musu, wata dattijuwa, Goggo Ladi, ta zo bakin tashar da ganyen magarya don ta yi mata wanka, limaminsu ya sa aka fara haƙa kabari. Sai kyaftin ɗin jirgi ya hana. Ya nuna mini inda takardarku ta ce gawar mai ta'amin ba a miƙa ta ga kowa sai wakilin kamfani, ku kuwa ba ku da wakili sai a Suwais. Da bakinsa ya gaya mini da ba ta da inshora, da shaidar likita kawai ta isa ya ba ni ita. Ina ji ina gani aka tura uwata ɗakin sanyi, matar da ko da bazara sai ta lulluɓa take barci. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Na huɗu. A Suwais wakilinku ya kai ta asibiti wai sai an yi bincike. Kwana tara ina zarya. Bizar dawowata ta kusa ƙarewa, kafilina, wato wanda ya tsaya mini a Saudiyya, ya aiko cewa in na wuce wa'adi ikamata, takardar izinin zamana, ta mutu, ga matata da 'ya'ya uku a ƙarƙashinta. Wakilin ya rantse zai sa gawar a jirgin sama zuwa Kano. Na yarda na taho, na bar uwata a hannun baƙo. Bayan mako uku sai ga saƙon teles mai layi biyu: takardu ba su cika ba, an binne ta.

A ina? Wa ya wanke ta? Wa ya sallace ta? Ba wanda ya faɗa. Abin da kuka aiko shi ne cek, ga shi nan na haɗo muku da wannan wasiƙa. Yayata Asabe ta aiko mini da kaset daga gida, tambaya ɗaya take maimaitawa tana kuka: "Lawal, a ina ka ajiye Inna?" Wata biyar ke nan na kasa mayar da amsa.

'Yan uwana da ke tambayata ko inshorar jirgin ruwa ta cancanci saye, ga abin da na gani. Tana da rana ga mara lafiya. Amma kafin ka sa hannu, tambayi abin da za su yi da kai in ka mutu, kuma a rubuta maka amsar.

Ranka ya daɗe, roƙona kaɗan ne. Ka ba ni sunan maƙabartar da wurin kabarin. Ka ba ni sunan wanda ya yi mata wanka da wanda ya ja sallar, in akwai su. Kuma ku soke sharaɗin nan da ke hana a binne Musulmi a tashar farko.

Abu na ƙarshe. Inna ta sayi likkafaninta da kanta, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya a saman benenmu, ta tafi da shi cikin akwatinta. Da wakilinku ya ce Kano za a kai ta, sai na riƙe shi don in aika gida. Yanzu haka yana ɗakina, a ninke kamar yadda ta ninke shi. Ka gaya mini da me kuka rufe ta.

Allah ya ja kwanan taka mahaifiyar, ya sa kai za ka sa ta a kabari da hannunka.

Wassalam.

Lawal ɗan Hajiya Kande,
Gubaira, Riyad.