Hanyar Zurmi a Kan Tsohon Kekena

Zuwa ga Kulu,

Assalamu alaiki. Ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma ni ke karanta miki wasiƙa, ke kina tankaɗe kina saurare. Na rubuta ne don na duba duk cikin mutane ban ga wanda zan iya gaya wa ba.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Bari in fara da labarin gida, na san shi za ki fara tambaya. Ba na ƙauye yanzu. Bayan sadakar arba'in ɗinki mutane sunka yi ta tashi, wasu Dauran, wasu Kaura, ni na dawo Zurmi wurin ƙanena Ɗanjuma, ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. Ɗiyarmu Rabi ta haihu a Kaura, mace, an sa mata sunanki, suna kiranta Ummi. Ɗanmu Sani yana Shinkafi da kafintancinsa. Jar akuyarki na ba Rabi. Kajin duk sun mutu da zafin bana. Na koma gidanmu sau ɗaya, na tarar ɗakinki ya tsage ta gabas, turminki yana nan inda kinka bar shi. Na tsaya na duba, na ja ƙofa, na hau keke na dawo.

Keken yana nan. Kin tuna ranar da na kawo shi daga Kaura, shekarar da anka haifi Rabi? Kin fito da goyo kina zagaya shi, kinka ce kada in bari yara su taɓa ƙararrawar. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Shi ya kai ni makarantar da nake koyarwa har na yi ritaya, shi ya kai ki Shinkafi ganin gida, shi ya ɗauko gero da dawa da itace da ragon suna. An canza taya ban san iyaka ba, an canza sarƙa, feda ɗaya ba tasa ba ce, sirdin kuwa ke kinka naɗe shi da tsumma kinka ɗinke. Ƙararrawar ta daɗe da mutuwa. Ƙaramin matashin da kinka ɗinka don zama a kariya, wurin ɗora kaya na baya, saboda ƙarfen yana ci miki jiki, yana nan ɗaure.

Sani ya zo da Sallah ya ce zai nemo mini babur, in ba 'yan gwangwan wanga. Na ce a bari tukuna. Mutane suna zaton saboda ke nake riƙe da shi. Ni ban sani ba. Da safe in na fito shi nake gani, sai in hau. Mako guda da rasuwarki na ɗaura buhun dawa a kan kariyar nan, daidai inda kinka zauna, na kai niƙa. Na jira in ji wani abu, ban ji ba.

Kulu, ban yi kuka ba. Ranar ban yi ba, har yau ban yi ba. Ana ta yabon haƙurina, liman ma ya ba da misali da ni a wurin wata ta'aziyya. Ba haƙuri ba ne. Ina cin tuwo, ina barci, ina zuwa masallaci, in an yi abin dariya in ga mutane suna yi in yi. Kamar ƙafar da anka daɗe zaune a kanta, haka nake gaba ɗaya.

Akwai abu biyu da ban gaya wa kowa ba.

Na farko ke ma kin san shi. Ranar Talata kinka ce mini zazzaɓin nan ba irin wanda kinka saba ba ne, in kai ki asibiti. Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ki taɓa cewa a kai ki asibiti da bakinki ba. A makon ne ɓarayin daji sunka ba ƙauyenmu kwana huɗu mu kwashe geronmu, bayan nan kada a ga kowa a gona. Na ce ki daure zuwa Juma'a. Na karɓo miki ƙwayoyi a kemis a Dauran, mai kemis ɗin ya ce mini in bai sauka ba zuwa gobe kada in tsaya. Wannan ban gaya miki ba. Kinka ce to, Malam, Allah Ya kai mu. Na tafi gona. Geron ya shigo rumbu duka, ko zangarniya ba mu bari ba. Har yanzu shi nake ci.

Na biyu ban sani ba ko kin san shi. Ranar Juma'a da hantsi ba ki iya tsayuwa. Lokacin an hana hawan babur a yankinmu, ba ɗan kabu-kabu ko ɗaya, motoci kuma sun daina shigowa. Ni da matar maƙwabcinmu munka ɗora ki a kariya, ta ɗaure ki a bayana da zanenki kamar goyo. Kinka sa hannu kinka riƙe aljihun rigata. Hanyar da nake yi cikin sa'a ɗaya da kaya, ranar ban san tsawon da ta yi ba. Ba mu gamu da kowa ba sai wani Bafillace da tumaki, ya kauce ya bi mu da ido.

Wajen kwalbatin nan mai tsamiya na ji bakinki yana motsi a bayana. Kina magana. Sarƙar tana ƙara, tun damina nake cewa zan sa mata mai ban sa ba, ga iska, ban ji abin da kike cewa ba. Na ce miki mun kusa. Ban tsaya ba. Can gaba kaɗan hannunki ya saki aljihuna. Kanki ya yi nauyi a kafaɗata, keken ya fara ja gefe ɗaya. Na ji takalminki ya faɗi a kan titi. Na sani, Kulu. A daidai wurin na sani. Ban ja birki ba, ban waiwaya ba. Na ci gaba da taka feda ina ba ki labarin geron, dami nawa munka samu, ina cewa ga Zurmi can, har munka shiga ƙofar asibiti.

Mata biyu ma'aikata sunka kwance ki daga bayana sunka kwantar da ke a gado. Babbar ta taɓa wuyanki, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce sai haƙuri. Da dangi sunka zo na ce bayan an kwantar da ke ne rai ya yi halinsa. Babbar ma'aikaciyar tana tsaye tana ji, ta juya ta ci gaba da aikinta.

Mi kinka ce a wajen tsamiyar nan? Ruwa kike so? Cewa kinka yi in tsaya? Saƙo ne ga yara? Ko kalmar shahada ce kike yi ke kaɗai, ni da ya kamata in sauka in riƙe kanki in laƙƙana miki ina can ina faɗa da feda? Na san ajali ba ya jira, na koya wa yaran mutane haka shekara da shekaru. Amma da na tsaya, da kin cika a ƙarƙashin inuwa ina dubanki. Na bi ta wurin sau uku tun daga nan. Na sauka na nemi takalmin, ban gan shi ba.

Rabi takan ce abin da ke sanyaya mata rai shi ne Innarta ta cika a kan gado, a hannun masu magani, babanta yana kusa. Duk lokacin da ta faɗa sai in ce haka ne. Ranar sunan Ummi ta sake faɗa a gaban mata, ta ce in gaya musu kalmarki ta ƙarshe. Na ce salati ne. Wata tsohuwa ta ce kin yi kyakkyawan ƙarshe, sunka shafa. Ina fatan ban yi miki ƙarya ba.

Ban taɓa neman gafararki ba tun da muke, ko a kan ƙaramin abu. In na ɓata miki sai dai in sayo goro in ajiye a bakin gado, ke kuma ki ɗauka, shi ke nan an wuce. Yanzu ba inda zan ajiye. Ki yafe mini ranar Talata. Ki yafe mini tsamiya.

Asabar mai zuwa zan tafi Kaura in gaya wa Rabi yadda anka yi, tun daga geron. Ban san yadda za ta dube ni bayan nan ba. Tayar baya tana sace iska, sai na tsaya sau biyu ko uku a hanya in buga famfo, don haka da an idar da sallar asuba zan kama hanya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa abin da kinka faɗa a bayana shi ne abin da na gaya musu. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki,
Malam, kamar yadda kike kirana.