Takardar Shiga Kala

Kusada,
15 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga ƙanena Alhaji Usmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Shinkafar da ka aiko ta iso, Allah ya ƙara buɗi.

Amma ba godiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Gonakin nan goma sha ɗaya da ka saye ka haɗe, ka zagaye da waya, an gama kwashe dawarsu. Ka san al'ada. In mai gona ya ɗauke nasa, tsofaffi da matan da mazansu suka rasu su shiga kala, su tsince zangarniyar da ta zube. Jiya maigadinka Shehu ya kore su. Har da Inna Kulu, Usmanu! Matar da suka yi kala tare da mahaifiyarmu Lami shekarar da Baba ya rasu, kana goye. Da wannan kalar aka dama maka kunu. Yanzu jikoki uku take riƙo, rumbunta kuwa ko ɓera ya daina leƙawa.

An ce Asabar ta sama za ka saki shanunka a ciki. Don Allah ka buɗe wa matan nan ƙofa kafin ranar.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka, Rahamatu

Kankia,
19 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki ina shirin tafiya Kaduna kan wata kwangila.

Yaya, ki fahimce ni. Wannan gonar zamani ce, manya na zuwa dubawa, ba a shiga barkatai. In na buɗe wa goma yau, gobe ɗari za su zo har daga Rimaye. Kuma ban ƙwace wa kowa gona ba, da hannunsu suka sayar. Abin da ya zube, abincin shanu ne.

Amma maganar Inna Kulu ta taɓa ni ƙwarai. Ga takarda nan na sa hannu na buga hatimi. Ta nuna wa Shehu, ta shiga ta ɗibi iya ƙarfinta. Ita kaɗai, don kada tsari ya lalace.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a.
Ƙanenki, Alhaji Usman

Kusada,
23 ga Nuwamba, 1976

Usmanu,

Salama da gaisuwa. Na kai wa Inna Kulu takardar, na karanta mata, har ta shafa hatimin ta ce ashe ɗan Lami ya zama hukuma.

Da safe ta tafi, na bi ta. Shehu ya juya takardar sama da ƙasa, don shi ma ba karatu gare shi ba, ya buɗe. Sauran matan, su kusan ashirin, suka jeru a bayan waya da ƙorensu. Suka zuba mata ido. Inna ta duƙa ta tsinci ɗaya, ta tsinci biyu, ta ɗago suka haɗa ido da Tani, wadda suke raba gishiri. Sai ta zubar, ta fito.

Ta ce, “Hwaɗa ma Usumanu na gode. Amma mi zan ce ma waɗanga in mun gamu bakin rijiya? Tare muka saba duƙawa.”

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Har Shehu ya kau da kai, ashe gwaggonsa na cikin layin. Na san ba mugu ba ne kai, nesa ka yi da mu. Ga takardarka nan na mayar. Ka aiko wata mai sunan kowa.

Allah ya tsare hanya.
Rahamatu

Kusada,
25 ga Nuwamba, 1976

Usmanu,

Ina gaisuwa. An ce ka dawo daga Kaduna tun jiya, ban ga amsarka ba. Jibi Asabar.

Gobe da hantsi zan ɗauki ƙwaryata in shiga layin matan, kuma za mu nufi ƙofa. Duk Kusada an san 'yar wa ce ni, an san yayar wa ce. Ka aiko wa Shehu ya sani, ko da ni zai kora.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Rahamatu