Amanar Firizar Umma

Whalley Range, Manchester
Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Yaya gajiyar asibiti? Yaya jikin Anti Raki da jaririya? Abba ya ce sai da aka yi mata aiki, amma an rabu lafiya. Barkanmu da arziki, Allah Ya raya. Kakata Inno tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko yarinyar ta ɗauko dogon hancin gidanku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ta mutu tun jiya, ta gida kuma ba ta aiki sai da wuta. Kawu Halliru ya leƙo mu da safe, ya ce zai kai kaya can wajenku Birmingham da rana, in ina da saƙo in ba shi. Kin san dai na fi iya magana a takarda.

Umma, jiya mun ga iska. Tun la'asar ta taso, kwandunan shara suna ta tsere a kan titi kamar ana korar su. Tagar kicin tana rawa har na ɗauka za ta faɗo. Dab da magariba babbar bishiyar nan ta ƙofar gida ta kife, saiwarta ta fizgo wayar wutar da ke ƙarƙashin ƙasa, gidan ya yi duhu daga sama har ƙasa. Na riƙe hannun Inno. Ita kuwa cewa kawai ta yi ashe nan ma ana ɗauke wuta, ta ci gaba da jan carbinta.

Ba wanda ya ji ciwo. Sanyi ne dai, don hitar da ke ɗumama gida ba ta aiki, murhu ma haka. Burodi da madara muka ci. Inno ta sa babbar rigar sanyin Abba a kan zaninta, in kin gan ta sai kin yi dariya. An rufe makarantarmu saboda rufi ya yaye.

Abin da ke raina shi ne firiza. Ranar da za ki tafi kin dafa murfinta kin ce min ga amana nan, naman suna ne duka. Na tuna yadda muka ɗauko shi daga wurin mahaucin nan na unguwar Rusholme, hannuna har ya yi ja. Kin ce ran Lahadi za ki zo ki yi dambu da soye ki koma da su, tunda Anti Raki ba ta da kowa a ƙasar nan sai ke, kuma matan unguwarsu ta Handsworth duka za su zo suna ran Laraba.

Akwai laifin da na yi, gara ki ji daga bakina. Sau huɗu na buɗe firizar ina dubawa ko naman yana nan lafiya. Ban san buɗewar ce ke fitar da sanyin ba. A na huɗun Inno ta kama ni. Ta rufe ta da barguna biyu da darduma, ta hau kai ta zauna, ta ce duk mai son buɗewa sai ya ɗaga ta tukuna.

Abba ya shigo da asuba ya sake kaya ya koma aiki, ya ce asibitinsu ya cika kuma zai kwana can har Asabar. Ya ce in wuta ba ta dawo ba zuwa azahar ɗin gobe Juma'a, in kwashe naman in zuba a shara, ba zai yarda a ba mai jego abin da zai cuce ta ba. Na ce to. Amma Umma, ina ji a jikina naman nan ba zai tafi shara ba. Ban san ta yaya ba tukuna.

Sai roƙo ɗaya. Ranar suna don Allah ki bar ni a ɗaki wurin jaririya. Kada ki aike ni falo da kwanuka. Kin tuna yadda na ɓarar da zoɓo a gaban baƙi ranar Sallah, har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ki gaishe da Anti Raki da maigidanta.

Taki har kullum,
Zinatu


Whalley Range, Manchester
Asabar, 15 ga Fabrairu, 2014

Ummana abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma an sallamo Anti Raki. Yaya ruwan zafi? Yaya kukan jaririya? Mu nan sai godiya.

Kawu Halliru ya kawo saƙonki jiya da sassafe. Ya ce ba za ki iya barin Anti Raki ba saboda ɗinkin, kuma kin ce a bi maganar Abba, Allah zai kawo wani. Amma ya ce kafin ki faɗi haka kin daɗe kina kallon ƙasa. Wannan ne ya tsaya min a rai.

Wuta ta dawo wa sauran layinmu, ban da gidanmu. Ma'aikatan sun gyara nasu, sun ce sauran ɓarnar a cikin gidan take, sai landlord, wato mai gidan da muke haya, ya kawo mai gyara. Shi kuwa ba ya ɗaukar waya. Na so mu je laburaren unguwa mu ji ɗumi, sai na tuna hukumar gari ta rufe shi tun bara.

Yanzu ki zauna, in ba ki labari.

Jiya bayan Kawu ya tafi, Inno ta yaye bargunan da kanta. Ta danna kowace leda da yatsa, ta sansana. Gefen naman ya fara saki, amma cikinsa ƙanƙara ce. Hanta da ƙoda da ke sama kawai ta ware, ta ce waɗannan sun tafi. Ta ce shekara arba'in tana ajiye naman layya har cika-ciki ba ta san wata firiza ba, kuma Abba, ɗan nata likita, da shi ya girma. Abin da take nema wuta ce kawai.

A duk sassan gidan hayar nan flat ɗaya ne mai murhun gas, na ƙasa, na tsohuwar nan 'yar Jamaica, Misis Rebecca, wadda muke ɗaga wa hannu kawai. Tun Alhamis nake jin butarta tana fito. Inno ba ta jin Turanci. Kin ga ke nan wa ya rage.

Sau biyu ina sauka ina dawowa ban ƙwanƙwasa ba. A na uku na waiwaya, sai ga Inno a saman bene da tukunya a ka. Ta ce, “Sarauniyar kunya, nama ba ya jiran mai kunya.” Na ƙwanƙwasa.

Umma, ta ɗan buɗe ƙofa ta leƙo. Na gaya mata komai, har da zancen sunan da haihuwar Anti Raki. Ashe tun ranar iskar ba wanda ya leƙa ta. Matar da ke zuwa kula da ita kullum, yanzu sau biyu kawai take zuwa a mako, an rage. Ta ce tana yarinya a garinsu an yi guguwar da ta fi wannan, kuma mahaifiyarta gishiri ta zuba wa naman akuyarsu. Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

Inno ta ce in gaya mata da tukwanenmu da ludayinmu za mu yi aiki. Na ji tsoro kada ta ji haushi, amma na faɗa yadda aka ce. Dariya ta yi, ta ce shekara nawa tana zaune cikin Musulmi, ta kwashe nata ta goge mana murhun. Da ashana muka kunna.

Ni na yi ta hawa da sauka da ledoji. Mun tafasa naman sa da albasa da citta da kanumfari da barkono har ruwan ya ƙone. Na ɗauko ƙaramin turminki na Kano. Inno ta daka, na daka, Misis Rebecca ma ta karɓi taɓarya ta gwada. Muka soya dambun har ya bushe ya yi ja. Naman ragon kuma Inno ta yanka ƙanana ta soya ƙayau, ta ce a bar shi cikin kitsensa. Da farko ni nake fassara musu kowace magana. Zuwa azahar sun daina jirana. Inno tana Hausa, ita tana Turanci, suna ta dariya, ban san me suke fahimta ba. Inno ta kasa faɗin sunanta, ta mai da ita Rabi.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Inno ta ce ba a soya nama maƙwabci ya sha ƙamshi bai ɗanɗana ba, kuma naman da aka hana maƙwabta ba ya albarka. Ta zuba a kwanukanki na sha guda huɗu, ɗaya na Misis Rebecca, uku na mutanen sama. Ta ɗora min a faranti. Na ce mata nan ba a haka, ba ma su san mu ba. Ta ce to yau za su sani.

Na kai, Umma. Ƙofa uku. A ta farko na manta abin da zan ce, na miƙa kawai. A ta uku har na bayyana musu yadda ake dambu. Ban ɓarar da komai ba.

Da yamma kwanukan suka fara dawowa. Matar flat na biyu ta sako kyandir shida a ciki. Ɗaliban nan biyu sun sako biskit da batir ɗin tocila. Mutumin can sama ya dawo da nasa babu komai, Inno ta juya shi ta duba, ta ce ba laifi, ya dai wanke.

Abba bai sani ba tukuna. Yau da yamma zai dawo. Na san na ce masa to, kuma ban yi ba. Ba na jin na yi kuskure, amma ban san yadda zai ɗauka ba. Ki yi min addu'a.

'Yarki,
Zinatu


Whalley Range, Manchester
Litinin, 17 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya shirin suna? Yaya ƙarfin jikin mai jego? Inno ta ce a riƙa ba ta kunun kanwa da zafinsa, kada a biye wa mutanen nan masu ba mai jego ruwan sanyi.

Wannan wasiƙa tana zuwa tare da kaya. Ki duba bayan motar Kawu Halliru. Bokitin roba biyu dambu ne, babbar tukunyar kuma soye. Ƙaramin kwanon da aka ɗaure da ɗankwali na Anti Raki ne ita kaɗai, Inno ta ƙara masa yaji.

Ga yadda aka yi da Abba. Tun daga ƙofar gida ya ji ƙamshi. Ya same mu a flat ɗin Misis Rebecca, don yanzu can muke wuni saboda ɗumi. Ya gaishe ta, ya gaishe da Inno. Kin san ba ya musu da mahaifiyarsa. Ni ya kira waje.

Ya tambaye ni me ya ce in yi. Na faɗa masa. Ya ce to me ya sa ban yi ba. Da can da kuka zan yi, ko in yi shiru har ya gaji. Amma na ɗaga kai. Na gaya masa ƙarfe nawa wuta ta tafi da ƙarfe nawa muka fitar da naman, na ce tun kafin azahar ɗin da ya faɗa ne. Na ce na taɓa kowace leda da hannuna, cikinta ƙanƙara ce. Na gaya masa abin da muka zubar, da daɗewar da naman ya yi a wuta. Har buɗewar da na yi sau huɗu ban ɓoye ba. Ya yi ta min tambayoyi kamar ina ɗakin duba marasa lafiya, ina amsawa. A ƙarshe ya tambaya wa ya yi wa Misis Rebecca magana. Na ce ni. Ya ce da bakina? Na ce da bakina.

Sai ya ce a kawo ya gani. Ya sansana, ya murza tsakanin yatsunsa, ya ɗanɗana. Ya ce ya bushe sarai, wannan ba zai cuci kowa ba. Ya kai hannu zai ƙara, Inno ta buge hannun ta ce na suna ne, mai cewa a zuba a shara ba shi da kaso. Misis Rebecca ba ta ji Hausar ba, amma ta fi kowa dariya.

Yau kwana biyar babu wuta. Jiya mutanen gidan suka taru a ƙasa, matar flat na biyu ta rubuta wa landlord takarda, kowa ya sa hannu. Ni na zaga da ita ƙofa-ƙofa, tunda na riga na san kowa. An ce gobe mai gyara zai zo. In ya zo, to. In bai zo ba ma mun iya zama. Na iya kunna gas, na iya wanka da ruwan buta ɗaya, na kuma iya gane dambun da ya soyu daga ƙararsa a cikin mai.

Firizarki tana nan, na wanke ta tas na bar murfin a buɗe. Babu komai a ciki, amma amanarki ba ta salwanta ba, tana cikin motar Kawu.

Ran Laraba da sassafe za mu taso. Inno ta ce ba za ta tafi ba sai da Rabinta, wai wadda ta ba da wuta ba a cin suna babu ita. Abba ya yarda, ni ce na je na gayyace ta. Ki tanadar mata kujera mai laushi saboda ƙugunta, kuma ba ta son yaji da yawa.

Sai batun roƙon da na yi miki ran Alhamis, na ki bar ni a ɗaki. Ki bar zancen. Ki ajiye min babban farantin nan, ni zan kai kwanuka falo. In matan Handsworth suka tambaya wa ya yi dambun, kada ki amsa musu. Ki ce su tambaye ni.

Ki shafa min kan jaririya kafin in zo. Allah Ya kai mu Laraba lafiya.

Taki mai ƙaunarki,
Zinatu