Rodin da Malam Ya Bari

Daren Laraba, watan Sha'aban, Daura

Yau Lawal, ƙanen mijina marigayi Malam, ya zo da magini, wai za su ɗora bene a kan ɗakunanmu. Ya nuna rodin da suka leƙo ta saman rufi, ya ce, "Yaya bai bar waɗannan a banza ba, bene ya nufa."

'Yata Hadiza mai karatun injiniya ta riga ta auna ginshiƙan. Ta sa lissafin a manhajar kwamfuta ta makarantarsu, ta sake sawa a wata ta kyauta don ta tabbatar. Duk biyun sun nuna ginshiƙan da ja, alamar haɗari.

"Baffa, rodin sun yi siriri, ba za su ɗauka ba."

"Kwamfutarki ce ta gina gidan?"

Ni a firamare na tsaya, ban gane lissafin ba. Amma rufin kankare ne ya rufto wa mijina a shagon mutane a Baure, kuma na ga yadda aka kawo shi. Takaba ta hana ni fita, ba ta hana ni magana ba. Na ce bulo ɗaya ba zai hau kan 'ya'yana ba.

Lawal ya fita ba sallama.

Malam, ka yafe mini. Gobe zan sa a yanke rodinka.