Kafin Muryar Fresia Ta Dawo

Litinin, 5 ga Agusta

Likita ya ce ƙari ne ya fito wa Fresia a maƙogwaro, daidai kan jijiyar murya. Ba mugu ba ne, ya yi ta maimaita mata. Amma sai an cire, kuma ranar Juma'ar nan. Bayan aikin ba magana har mako biyu, waƙa kuwa sai wajen Nuwamba.

Faifanmu zai fito ranar 16. Bikin ƙaddamarwa ranar 24. Na rubuta ranakun ina kallonsu kamar za su matsa da kansu.

Fresia ta gaya mana a kicin ɗin Mama, ni da Yaya Nibaldo. Mama ta ajiye burodi da piya da shayi, ba wanda ya taɓa. Fresia ta yi dariya da dusasshiyar muryar nan da muka yi ta cewa mura ce tun watan Mayu. "Ku daina kallona kamar gawa. Maƙogwaro ne fa, ba zuciya ba."

Shekara biyu muna haɗa faifan nan mu uku. Ni na rubuta waƙoƙin, ni ke bayan piyano. Yaya a kan ganguna. Fresia a gaba, tun muna sakandare haka ne.

Abin da ya fara faɗo mini a rai ba maƙogwaronta ba ne, ranar 24 ce. Ban ji daɗin kaina ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Da hutun rana na baro shagon tabarau na gangara wurin Don Heriberto, mai kula da tsohon zauren rawa na ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Na roƙe shi ya ɗaga mana bikin zuwa Disamba. Ya nuna mini bokitan da ya jera a ƙasa suna tarar ruwan sama. "'Yata, kuna gamawa masu gyaran rufi za su shigo. Kafin su fita ni da ke duk mun yi furfura."

Da yamma a garejin da muke gwaji Yaya ya nuna ni ya ce, kamar mai tambayar ina aka ajiye mabuɗi, "To Amparo ta rera mana." Na yi dariya. Fresia ba ta yi ba.

"Ke kika rubuta su, ƙawa. A bakinki na fara jin kowacce."

Na ce a banɗaki ta ji ni, ba a dandamali ba.

"Sai mu ɗauko banɗakin mu kai dandamali," in ji Yaya.

Ban ce to ba. Amma ban ce a'a da ƙarfin da ya kamata ba, shi ke nan suka ɗauka an gama magana.

Juma'a, 9 ga Agusta

An yi aikin, ta farka lafiya. Ta ɗaga mini babban yatsa, ta koma barci.

Lahadi, 11 ga Agusta

Gwajin farko. Abin kunya.

Yaya ya jawo piyanon gaba ya dasa mini makirufo a baki. Muka fara da "Kar Ka Kira Ni Ranar Lahadi", wadda ta fi sauƙi. Baitin farko na bi shi kamar mai tafiya a kan katangar da ba ta bushe ba. Da aka zo amshi, inda Fresia take haurawa sama, muryata ta tsage. Karen maƙwabta ya amsa. Ba wasa nake ba, ya amsa.

Fresia ta zo duk da an ce ta huta. Ta naɗe wuya da mayafin ulu, ta zauna a kan akwatin lasifika da kofi da cokali. In na yi daidai ta buga kofin sau ɗaya, in na kauce ta yi ta bugawa. Yau garejin kamar ana kiran yara cin abinci.

Daga ƙarshe muka sauko da waƙoƙin ƙasa, inda muryata take iya zama. Yaya ya ce sun yi nauyi kaɗan amma ana iya rawa. Fresia ta rubuta a waya ta nuna mini: "Ba laifi." Na san ba laifinta. Shi take ce wa miyar da ba gishiri.

Talata, 13 ga Agusta

Ba na iya cin abinci.

Yaya ya sanar cewa Fresia ba za ta yi waƙa a bikin ba, ni zan tsaya. Wasu sun mayar da tikitinsu. Ya ce kar in karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Na karanta. Wata ta ce, "Wace ce Amparo?" Tambayar ba ta da laifi ai.

A ɗakin baya na shago ina goge gilashi ina rera amshi ƙasa-ƙasa, ashe wata tsohuwa na jira a kanta. Da na fito ta ce, "Rediyonku na da mura ne?" Na ce e, za mu gyara.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ya fito.

Na shiga motar haya zan hau tudu, sai ga waƙarmu "Rigar Lemo" a rediyon direba. Na ji komai kamar ba ni na yi ba: gangunan Yaya irin na gidan rawa zamanin su Mama, tsohon piyanon lantarkin da na tsinto a gwanjon titin Avenida Argentina mai kuka kamar na coci, tafin da muka tara matan layinmu suka yi mana, ƙahonin nan biyu, da kiɗan rawar kumbiya da ke shigowa a tsakiya ba sallama. Direban yana buga sitiyari da yatsu. Matar da ke kusa da ni tana kaɗa kafaɗa da jakar kifi a cinya.

Sai Fresia ta shigo cikin waƙar. Muryar nan mai haske, kamar an buɗe taga.

Direba ya ce, "Yarinyar nan ta iya." Na ce e, ta iya. Na sauka kafin layinmu na ƙarasa da ƙafa, don kar a ga fuskata.

Wannan muryar mutane suka ji. Ita za su zo nema.

Asabar, 17 ga Agusta

Mun yi faɗa. Ban san ana iya faɗa da wanda ba ya magana ba.

Ta zo da rigarta mai ƙyalli, wadda ta ɗinka don bikin. Na sa, ta matse ni a kafaɗa, ta yi mini yawa a ƙugu. Ta ce da hannu in juya, in ɗaga hannu kamar yadda take yi, in yi murmushi a baiti na biyu. Na yi. Na ga kaina a gilashin taga kamar wadda ta ari jikin wata.

A "Rigar Lemo" akwai wurin da na fara jan kalmar ƙarshe maimakon in yanke ta. Haka take zuwar mini. Cokali ya yi ta bugawa. Na sake, na sake ja. Ya ƙara bugawa. Na tsaya na ce, "Fresia, ni na rubuta ta."

Sai ta yi magana. Da murya, wata irin murya kamar ana yaga takarda. "Ba haka ake yin ta ba."

Duk muka daskare. Ta dafe wuya. Yaya ya ajiye sandunansa a hankali ya ce, "Ɗauko jakarki, mu je." Ya kai ta gida.

In ta ɓata ɗinkin fa? In muryar ba ta dawo ba, saboda kalma ɗaya da na ja?

Litinin, 19 ga Agusta

Likita ya duba. Ya ɗan kumbura, bai fashe ba. Ya ƙara mata mako guda na shiru, ya yi mata faɗa sosai. Yaya ne ya gaya mini. Ita ba ta amsa saƙona ba.

Ba ta zo gwaji ba. Mu biyu kawai, ruwa yana ta dukan kwanon rufi. Na cire takalmi saboda sun jiƙe, na tsaya da safa a kan tabarmar ganguna. Ba wanda ke kallona, Yaya ba ya kallon kowa in yana kiɗa. Na rera waƙoƙin yadda nake yi in ina wanke-wanke, ƙasa-ƙasa, ina ja inda nake son ja. A tsakiyar kumbiya na ji ƙafata tana motsi da kanta.

Da muka kai ƙarshe Yaya ya daɗe yana gyara wani ƙarfe da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Ina kika ɓoye wannan?"

Na ce ban sani ba.

"To kar ki mayar da ita."

Maimakon in ji daɗi sai tsoro ya ƙaru. Ban san na mene ne ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na kai mata miyar kaza da Mama ta dafa. Ta buɗe ƙofa da rigar barci, gashi a tsaye. Muka zauna a bakin taga muna kallon jiragen kaya.

Na ce ta yi haƙuri. Ta kaɗa hannu, wai a bar shi. Ta rubuta: "Nibaldo ya ce kin iya." Na ce Yaya ko tukunya ta faɗi sai ya ce akwai kiɗa a ciki. Ta yi dariyar da ba sauti.

Sai ta rubuta: "Ina jin tsoro."

Na ce likita ya ce muryar za ta dawo, har ta fi da.

Ta girgiza kai. Ta fara rubuta wani abu mai tsawo, ta tsaya, ta goge duka. Ta ɗauki cokali ta hau shan miya.

Na bar mata rigarta mai ƙyalli a kan kujera. Ba ta tambaya ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Na yi amai da safe. Mama ta ce, "'Yar nan, waƙa ce ba haihuwa ba." Ƙarfe shida za a fara.

Lahadi, 25 ga Agusta

Bari in rubuta kafin ya dushe.

Zauren bai cika ba, amma bai ba da kunya ba. 'Yan jami'a a gaba, matan layinmu a gefe, tsofaffin ma'aikatan tasha a baya da hulunansu, su da ba su san mu ba, zaurensu suka zo. Don Heriberto ya tura bokitan ƙarƙashin tebura. Na sa baƙin wandona da rigar Yaya mai furanni.

Fresia ta hau tare da mu. Ba mu shirya haka ba. Ta ɗauki kacau-kacau ta tsaya can gefen hagu, wurin da ni na saba tsayawa. Mutane suka yi ta kiran sunanta. Ta nuna wuyanta, ta nuna ni.

Yaya ya buga, na shiga da piyano, aka zo inda zan fara, bakina ya ƙi buɗewa. Yaya ya sake zagayowa. Bakin ya ƙi. Wani daga baya ya ce, "Ko mu fara miki, 'yata?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ni ma na yi, kuma a cikin dariyar muryar ta fito.

Na manta baiti guda a waƙa ta uku, na maimaita na farko, ba wanda ya kula. Da kumbiya ta shigo tsofaffin nan suka ajiye huluna suka jawo matan layinmu tsakiyar fili. Na ga Mama tana juyi da wani mai gashin baki. Katakon ƙasa yana amsawa har cikin ƙafata. A "Rigar Lemo" na ja kalmar, na ja ta har numfashina ya ƙare, zauren duka suka ja tare da ni.

Ban kalli hagu ba a lokacin. Ban iya ba.

Bayan an tashi ta rungume ni sosai, ta daɗe. Mutane suna zuwa suna ce mata Allah ya ƙara sauƙi, su juyo su ce mini yaushe za mu sake. Tana murmushi duk lokacin. Na san murmushin, na sha yin irinsa.

Talata, 27 ga Agusta

Shago. Gilashi, gilashi. Sai in tsinci kaina ina tsaye kawai.

Alhamis, 5 ga Satumba

Fresia ta kira ni a waya, karon farko da murya. Siririya ce, tana tafe a hankali, amma tata ce. Na yi kuka kaɗan, ta ce in daina ko ta kashe. Likita ya ce Nuwamba tana nan daram. Ta ce ta ƙosa ta dawo gareji, ta gaji da zama da kyanwa.

Wasu daga garin Concepción sun nemi mu je mu yi wasa a Oktoba. Yaya ya ce shawara tawa ce. Na ce zan yi tunani, alhali na riga na duba ranar na nemi hutu a shago.

Kafin mu ajiye ta ce, "Ƙawa, kin rubuta wata sabuwa? Ki turo mini in fara saurare."

Na ce babu tukuna.

Akwai. Ranar Lahadi ta zo mini, gaba ɗayanta, ina shanya. Tana da sauri, za a yi rawa da ita. Na rera ta ya fi a ƙirga, kuma ko sau ɗaya ban ji ta a bakin kowa ba sai nawa.

Zan tura mata. Ba dai wannan makon ba.