Fiffiken da Ka Ɗinke

Harra ta Gabas, Madina

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Tela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uba, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinka a Baƙi'a. 'Yarka Rabi ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. A bainar jama'a zan faɗe ta, tunda kai ma a bainar jama'a ka yi ta yawo da taka.

Kana saurayi a ƙasar Damagaram Faransawa suka ce kowane gari ya ba da maza don yaƙin duniya na farko. Mai gari ya ɓoye ɗansa, ya ba da kai. Da suka ga hannunka ya san allura sai suka karɓe bindigar, suka kai ka filin jirage a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, wadda a dā Turkawa suka mulka.

Na ga hoton jirgin da aka sa ka yi wa aiki a wani littafi a makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, katako da waya da yadi, farfela a baya, an shafe shi da baƙin fenti don kada a gan shi da dare. Amalanke ya fi shi kyan gani. Marubucin ya ɓata shafuka yana yabon jarumtar matuƙa, har nauyin bom ya faɗa. Mutanen da ke barci a ƙasa ko layi ɗaya ba su samu ba, balle baƙin telan da ke ɗinke yadin.

Ka ce bayan magariba yake tashi, ya dawo da hudar harsashi a fiffike, da safe ka ɗinke. Ɗinkinka bai taɓa warwarewa ba, kana ma alfahari da haka. Sai ranar da rundunarku ta ratsa garin da jirgin ya daɗe yana kai wa hari. Ka ga hasumiyar masallaci a karye, mata sun jera gawarwaki a gindin bango. Ka ce mini, "Rabi, salatin da uwata ke yi, shi suke yi."

Da aka sallame ka, a ƙasa ka tako har garin Manzo. Ka zama telan da ba ya taɓa baƙin yadi, a garin da kowace mace abaya take nema! Inna ta yi faɗa har ta gaji. Likkafani kuwa kyauta kake ɗinka wa duk wanda ya zo.

Malamai 'yan Najeriya da ke jami'a sun sha gaya maka tilasta ka aka yi, babu laifi a kanka. Ka ce musu, "An tilasta ni in ɗinka, ba a tilasta ni in ɗinka da kyau ba." Ka kafe a kan cewa haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Shi ya sa duk lokacin aikin Hajji kake tsayawa a ƙofar masallacin Ƙiblatain, kana tare fararen alhazai da sunan garin can da harshenka bai taɓa iya faɗa daidai ba, kana neman ɗan garin da zai yafe maka. Yaya Sani ya ce kana zubar mana da mutunci, wai za ka sa a bincika iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar. Har yau ba ma gaisawa sosai.

Kwana uku ka yi a gargara, kana riƙe da hannuna, kana tambaya, "An samu?" Likita ya ce khalas, babu sauran abin yi, amma ka ƙi sakin numfashin. A rana ta uku na sunkuya na ce maka na sami wata mata 'yar garin, ta ce ta yafe duniya da lahira. Ka tambayi sunanta, na ce Fatima, don shi ya fara zuwa bakina. Ka yi mata addu'a, ka yi shahada, da la'asar ka cika.

Baba, babu wata Fatima. Ƙarya na yi maka.

Tun daga lokacin na gaji wurinka a Ƙiblatain, ko Allah zai sa ƙaryata ta zama gaskiya. Bana na samu. Tsohuwa ce, surukinta yana fassara mana da Larabci. Ta gyara mini sunan garin. Tana ƙarama aka yi abin, kuma yayarta na cikin waɗanda aka jera. Na gaya mata komai, har ɗinkin. Ta ce ita ta rayu, mai yafewar tana ƙarƙashin ƙasa, ba za ta ba da abin da ba nata ba. Ta shafa fuskata, ta hau motarsu.

Na so in ji haushinta, na kasa, don ta fi ni gaskiya. Haushin nawa yana kan waɗanda suka ƙera abin, suka sa hotonsa a littafi, suka mutu a gadajensu ba tare da sun tare kowa a ƙofar masallaci ba. Kai ma na ji haushinka, Baba. Allura kawai ka riƙe, amma ka ɗauke musu kayan duka, ka kuma sa na ga idonka a kwana ukun nan.

Ban san ko na taimake ka ko na cuce ka ba. Ka tafi wurin Ubangijinka kana zaton an sauke maka. Babana, ka yafe mini. Na san ba za ka amsa ba. Shekara biyu kawai na yi ina roƙon wanda ba ya amsawa, har na rame, kai kuwa sittin ka yi.

Ya Allah, Kai Ka san sunayensu, mu ba mu sani ba. Ka jiƙan su, Ka ba su abin da zai sa su saki babana ranar tsayuwa, Ka haɗa shi da su a inuwa ɗaya. Ni kuma Ka sa shi ya dube ni ya ce ba komai. Amin.

Taka har abada,
Rabi