Finafinanka Suna Korar Tsuntsaye a Bomo

Zuwa ga Bitrus, ɗan kawuna, taubashina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ba zan tambaye ka lafiya ba, don inda kake yanzu an gama da ciwon ƙafa da hawan jini. Mu dai muna nan Samaru muna lallaɓawa. Na sa wannan wasiƙa inda jama'a za su gani, su gani ɗin, amma da kai nake magana, kuma ka sani tun daga farko raina a ɓace yake.

A daminar bara wata magana ta fara yawo, wai finafinan Bitrus na Muchia suna wata gona a Bomo suna korar tsuntsaye. Mutum uku suka kawo mani ita kafin in gani da idona, duk ukun kuma na ƙaryata su. Na farko ɗan acaban da ke kai ni coci ne. Ya ce ya ga wani baƙin zare mai ƙyalli an ja shi daga sanda zuwa sanda a gonar gero, da ya ɗaga shi sama ya duba sai ga 'yan mutane ƙanana a ciki da huluna. Na ce masa ya rage shan abin da yake sha, ya dubi titi. Ta biyu Maman Ngozi ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, wadda ka san labari bai taɓa kwana a cikinta ba. Ita ma dariya na yi mata. Na ukun zan zo kansa. Bar ni in huce tukuna.

Ai dole in ƙaryata. Na san yadda ka riƙe gwangwanayen fim ɗin nan. Tun ranar da aka rufe silimar da ka yi rabin rayuwarka kana haska fim a cikinta, aka mai da ita ɗakin ajiye taki, mai silimar ya ce ka kwashe tsofaffin da ba mai so. Gwangwani talatin da 'yan kai, yawancinsu marasa magana, kaɗan kuma na farkon lokacin da fim ya koyi magana. Ka ɗora su a amalanke ka bi ta da ƙafa har Muchia, hannunka a kan na sama kamar mai rakiyar mara lafiya. Matarka Saratu ta sha cewa da ita da gwangwani za su faɗa rijiya, ta san wanda za ka fara cirowa.

Ka tuna Lahadi bayan sujada? Ana gama cin abinci sai ka toshe tagar zaurenka da bargo, ka rataya zanen gadon Saratu a bango, ka ɗora injin majigi a kan tebur. Rana tsaka a waje, mu muna ciki muna gumi. Mu takwas, wani lokaci goma, har da Malam Sani tela da ke barin kekensa ya shigo, da Oga Emeka mai gyaran rediyo da ke zuwa da kujerarsa don ya ce bencinka na cizon wando.

Mutanen cikin fim ba su magana, kai kake yi musu. Haka ka gani wajen masu majigin da ke zuwa filin makarantarmu muna yara, ka kuwa fi su. Baturen nan mai ƙiba da agwagwa ta hana shi shiga shagon burodinsa, Tanko ka raɗa masa, ka sa shi yana roƙon agwagwar da Zazzaganci, yana ce mata Hajiya. Idan rubutun Turanci ya fito a zane, ni malamin makaranta nakan ce ba haka aka rubuta ba. Sai ka ce, "Malam, kai karanta takarda, ni ina karanta fuska." Fuskarka kuwa ko motsi ba ta yi. Za ka shirga ƙarya mai kai da ƙafa, mu muna riƙe ciki, kai kana kallon zane kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

Amma akwai inda kake yin shiru. Matar nan ta cikin wani fim da ke tsaye a tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya tsaya, mutane suka sauka, suka watse, ita tana nan. Sai fuskarta ta cika zanen gaba ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Leɓenta na ƙasa ne kawai ya ɗan motsa, ta gyara hularta, ta sake duban inda hayaƙi ya bi. Nan ba ka taɓa sa mata ko kalma ɗaya ba. Ba abin da ake ji sai taf-taf-taf na injin. Mun kalle ta ya fi sau ashirin, kuma kowane karo Malam Sani sai ya ce ƙurar bargo ce ta shiga masa ido.

Kai ka koya mani cewa mutanen zamanin da ba gudu-gudu suke tafiya ba kamar kajin da aka kora. A jikin injinka akwai wani ɗan maɓalli, gefe ɗaya na masu magana, gefe ɗaya na marasa magana. In aka haska marar magana da saurin mai magana, sai jana'iza ta koma wasan yara. Kakan murɗa shi ka ce, "To, yanzu sun samu numfashi." Yau ɗaliban da ke haya kusa da ni sukan nuna mani guntayen irin waɗannan a waya, an ƙara musu sauri, an ɗora musu dariyar ƙarya. Wata a cikinsu ta tambaye ni wai mutanen wancan zamanin duk taɓaɓɓu ne? Na ce mata a'a, mai haskawar ne ba shi da tarbiyya. Su da ke kallon fim ana ihu daga farko har ƙarshe, kiɗa na gaya musu inda za su ji tausayi, su ne za su raina mutanen da suka iya ba da labari da gira ɗaya.

Finafinan farkon magana kuwa, su ne abin tausayinka. Murya na fitowa da ƙara kamar ana suyar ƙosai a bayan zane. Jarumai sun daskare a gefen tebur, kowa ya karkata wuya wajen tukunyar furanni, ka ce mana a nan aka ɓoye abin ɗaukar maganar. Kakan ce kamar sababbin 'yan mawaƙa ne ranar farko a gaban coci, murya ta fito amma hannu ya rasa wurin zama. Duk da haka ba ka yarda a yi musu dariya da yawa. Ka ce duk wanda ya fara magana bayan dogon shiru sai ya yi tuntuɓe. A cikinsu akwai wani tsoho da ya yi tari kafin ya fara waƙa, ba a yanke tarin ba. Kai tarin ka fi so, wai nan ne kaɗai ka tabbata mutum ne.

Yanzu ga abin da ke ci na.

Bayan mun binne ka da mako biyu na je Muchia in kwashi gwangwanayen. Na tarar an yi wa zauren fenti, an sa labule, wasu ɗalibai biyu na dafa taliya a daidai inda injinka yake zama. Ɗanka Istifanus ya mai da shi ɗakin haya tun kana da rai, injin kuma 'yan gwangwan sun ɗauka. Abin da ɗaliban suka gaya mani ke nan, ban ƙara tambayar komai ba. Na fito na hau mota zuwa Bomo, don na riga na san gonar wa zan nema.

Dauda ƙanin Saratu na tarar a bakin gonarsa, dawa ta nuna. Bitrus, da ka ga wurin. Daga wannan kunya zuwa waccan, sanda bayan sanda, zaren fim ne ke kaɗawa a iska yana walƙiya, yana wata ƙara siririya. Ya tarbe ni da murna. Ya ce da zaren kaset suke yi, to kaset ya ɓace daga duniya, wannan kuwa ya fi shi faɗi, ya fi shi ƙyalli, ko ɗan tsuntsu ɗaya bai sauka ba bana. Har maƙwabta ya sammawa. Gwangwanayen kuma kaji na shan ruwa a ciki, ya nuna mani, wai ba su yoyo.

Na bi kunya-kunya ina ɗaga zare sama ina dubawa, tsoho da sanda a gonar mutane kamar wanda ya yar da allura. Ruwa ya wanke su, rana ta gasa su. In ka taɓa sai hoton ya biyo yatsanka kamar baƙin tukunya. Wajen la'asar na samu wani guntu, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, da sauran tashar jirgi a jiki. Hular matar tana nan. Fuskar ta tafi.

Na buɗe baki zan zagi Dauda, zagin da ban yi ba tun ina saurayi, sai ya riga ni. Ya ce shi ajiya ka kawo masa da aka ce ka fitar da su daga zauren. Da tsuntsaye suka dame shi a gero ya je ya roƙe ka, kai da kanka ka ce ya ɗiba. Ya ma maimaita mani abin da ka ce: "Tunda mutane sun ƙi kallo, bari tsuntsaye su kalla."

Wannan magana taka ce, ko a mafarki na ji ta zan gane. Kuma ita ta fi ƙona mani rai. Wa ya ba ka izini? Naka ne kai kaɗai? Malam Sani ya rasu, Oga Emeka ya koma garinsu, amma ni ina nan. Matar tashar nan tawa ce kamar yadda take taka. Shekara nawa ta yi tana jira a cikin gwangwani, ta tsallake teku, ta tsallake gobarar da ta ci layinku, ta tsallake gara da ɓeraye, sai ka miƙa ta ga tsuntsayen jan-baki don ka ji haushi. Ina jin haushin Istifanus da bai ga komai a zauren ba sai wurin sa katifa biyu. Ina jin haushin jami'ar da ke cike da masana a ƙofar gidana, ko ɗaya ban taɓa tunanin kai wa maganar ba, su ma ba su taɓa tambaya ba. Dauda kam na sake shi, manomi ne, dawarsa ya tsare. Amma kai ka san abin da ke ciki.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in faɗa da kaina kafin ka yi mani wannan kallon naka. Sau uku ka ce in samo mota in kwashe su zuwa Samaru. Na farko na ce sai an gama damina. Na biyu na ce Rahila matata ba ta son warin tsamin da suke yi, alhali ko tambayarta ban yi ba. Na uku na ce ai suna nan, ina za su je? Ka ce, "Haka ne, Malam, ba su da ƙafa." Ban ji komai a cikin maganar ba. Ina da ɗaki guda cike da tsofaffin jaridu da littattafan yaran da na koyar, waɗanda su kansu sun yi jikoki. Wuri ba shi ne ya hana ni ba. Na ɗauka kullum za a yi wata Lahadin.

Guntun nan yana cikin Littafina Mai Tsarki, a tsakanin shafuka. Da safe nakan ɗaga shi a taga. Inda fuskar take fari ne fes, sai in cika ta da kaina, in murɗa maɓallin a zuciyata in ba ta numfashi. Ba na sa mata magana. A nan ko kai ba ka sa ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ɗan kawu. Ya gafarta maka zafin zuciyarka, ya gafarta mani jinkirina, wanda ya fi naka laifin nauyi. Ya ta'azantar da Saratu, ya shirya Istifanus, ya sa albarka a dawar Dauda, tunda an riga an biya ta da abin da aka biya. Ya sa in mun haɗu in same ka da bargo a taga. Amin.

Saura na ukun.

A asibiti ne a Shika, ranar wata Laraba da hantsi, gero na gab da girbi. Na kawo kunun gyaɗa. Mutumin yana kwance, an ɗaura masa ruwa, ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, finafinan suna Bomo suna korar tsuntsaye. Biyu kawai aka buɗe. Ka je kafin dawa ta fitar da kai." Na dubi fuskarsa, ba ta motsa ba, kamar kullum. Na fashe da dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ce ko a gadon asibiti ba za ka bar sana'a ba. Shekara hamsin ina alfahari na iya karanta fuskar da ba ta magana, sai ga wadda ta yi magana a gabana, da Hausa, na kasa. Ya saki rigata, ya juya wajen bango.

Kai ne, Bitrus. Kai ka gaya mani na ƙarshe.

Taubashinka,
Yohanna, Samaru